Garkar Bambeye a Hannun Banki

Lome

Zuwa ga ƙanwata Fiddausi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina Inna da jiki?

Pompunan hasken rana da kamfaninmu ya yi oda sun iso tashar jirgin ruwa. Kin san bankinmu na Tawa ya buɗe muna takardar lamuni, wato shi zai biya masu kayan da zarar takardunsu sun dace da odarmu, mu kuma muka jingina mashi garkar marigayi Baba ta Bambeye, wato lambunshi. To an samu ɗan saɓani: pompunan da aka turo ƙanana ne. Banki ya ce ba ya biya sai mu biyu mun sa hannu mun yarda da su haka nan. Ki je wurin direktan banki ki sa hannu kafin wa'adi ya cika. Abu ne ƙarami.

Yayanki,
Isma'ila

Tawa

Yaya Isma'ila,

Ina gaisuwa da ladabi. Inna ta ji sauƙi.

Na je banki, na karanta takardun, ban sa hannu ba. Daga nan na hau kabu-kabu na sami Malam Rissa, shugaban manoman albasa na Takanamat, waɗanda su ne za su sayi kayan. Ya ce mani: "Ɗiyata, rijiyoyinmu zurfi gare su. Ƙaramin pompo ko rabin hanya ba ya kawo ruwa." In na sa hannu, banki ya biya, kaya su kwanta a magaza, ɗakin ajiyarmu, ba mai saye, sannan a sa garkar Baba kasuwa. Ko kuma mu yaudari mutanen da suka san mu tun muna yara. Wanne kake so a ciki?

Ƙanwarka,
Fiddausi

Lome

Fiddausi,

Ba tambaya na aiko ki yi ba. Tunda kina son gaskiya, ga ta: ni na ce ma masu kayan su turo ƙananan, don sun rage muna kuɗi sosai, kuma na ba su kalmata. In kika ƙi, sunana ya ɓaci a Lome, rani kuma ya wuce mu hannu wofi. Ni ne babba. Na rubuta wa Kawu Yunusu ya zo ya yi maki magana.

Isma'ila

Tawa

Yaya,

Ina gaishe ka, ko da ba ka gaishe ni ba.

Kawu ya zo. Na shimfiɗa mashi tabarma, na dama mashi fura, na saurare shi har ya gama. Ya ce mace ba ta ja da yayanta. Na ce ban ja da kai ba wajen girma, amma banki hannu biyu ya nema, kuma ɗayan nawa ne. Kalmar da ka ba su, kai kaɗai ka ba su. Ka turo dangi duka in ka ga dama, tabarma ba ta ƙare ba.

Ka huta lafiya.
Fiddausi

Tawa

Yaya,

Sallama. Wa'adi ya cika, banki ya mayar ma masu kayan da takardunsu, bai biya ba. Mun rasa ranin bana, manoma biyu sun koma wurin wani ɗan kasuwa na Maraɗi, ni ma na yi kukana na share. Ka yi fushinka har ya huce. In ka tashi sabuwar oda, manyan pompuna za ka rubuta, kuma ni zan fara karantawa.

Allah ya maido ka lafiya.
Fiddausi