Ya Rufe Sabar, Oga Na Son Na Ce A Sallame Shi

Anti Rakiya, don Allah ki taimaka min da shawara kafin taronmu na gaba, kaina ya kulle.

Ni ce ke jagorantar masu rubuta manhaja a wani ƙaramin kamfani a nan Abuja. Manhajarmu ce ke fitar da takardar fita ga tirelolin da ke lodi a wasu sito-sito na Idu. In ba takardar, ba motar da za ta wuce ƙofa. Aikinmu zango-zango ne na mako biyu. Kullum da safe mu tsaya a tsaye kowa ya faɗi inda ya kai, ranar Juma'ar ƙarshen zango kuma mu tura abin da muka gama zuwa sabar, wato babbar kwamfutar da manhajar ke aiki a kanta. Al'adarmu ita ce a tura kafin azahar, maza su wuce masallaci, daga can kowa ya nemi motar Kubwa tun kafin hanya ta cushe. Wanda ke zama shi ne Thaddeus, mai kula da sabar, tunda shi ba ya zuwa Juma'a.

Wata Juma'a muka tura wani gyara, takardar ta daina fita. Motoci suka jeru, direbobi na zagi. Wayoyinmu duk a kashe, mun gaji mana, mu ma mutane ne. Thaddeus ya yi ta fama shi kaɗai, har ranar Lahadi aka kira shi ya fito daga coci ana tsaka da yi wa 'yarsa baftisma. Tun daga nan ya canza makullin sabar, ya ce ba abin da zai sake fita sai ya gwada da hannunsa. Yanzu aikin zango huɗu na nan jibge, muna gamawa ba mai gani. Ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa, mutumin da muke cin abincin rana tare.

Oga Datti, shugabanmu, ya fusata. Ya ji labarin tsarin da ke gwada aiki ya tura da kansa, ya ce to me Thaddeus zai yi mana? Yana son in faɗa a gaban kowa ko Thaddeus ne ke riƙe mu. Gaskiya shi ne ke riƙe mu, Anti. Amma in na ce haka an sallame shi, yana da iyali a Gwagwalada. In na yi shiru kuma ni za a kalla. Tsoro nake ji, haushinsa kuma nake ji.

Mai Ciwon Kai, Kubwa

*

'Yar'uwa, na ji ki, kuma haushinki na da dalili. Aikin da aka gama aka hana shi fita yana kashe gwiwa, kuma ba kamfanin da zai ci gaba in komai sai ya bi ta hannun mutum ɗaya. A nan oganki ya yi gaskiya.

Amma ki sake karanta wasiƙarki. Ku kuna cewa kun gama in abu ya yi aiki a kwamfutarku. Shi Thaddeus sai tirela ta wuce ƙofa a Idu yake cewa an gama. Kun koyi gudu a wajen rubutu, kuka bar masa ɗaukar abin da ya zube. Mutumin da aka fitar daga baftismar 'yarsa, ni ban ga laifinsa ba don ya kulle ƙofa.

Ki daina tura aiki ranar Juma'a. Ku riƙa turawa kaɗan-kaɗan a farkon mako, da safe, kowa na kan kujerarsa. Ƙaramin gyara in ya ɓaci, nan take ake gano shi. Tsarin nan da oga ke so ku kafa shi, amma ki fahimtar da shi cewa abin da aka koya wa tsarin kawai yake gwadawa. Gwaje-gwajen da Thaddeus ke yi da hannu su za ku zauna tare ku rubuta wa tsarin, ku haɗa da hanyar komawa tsohon aiki cikin sauri in sabo ya ƙi. Ki sa Thaddeus cikin tsayuwarku ta safe, ya san abin da ke tafe tun kafin ya iso. Wanda kuma ya rubuta gyara, wayarsa a kunne har sai an ga gyaran ya zauna.

A taron, kada ki ce Thaddeus ne, kada ki ce ba shi ba ne. Ki ce ranar da kuke turawa ce matsalar, ga yadda za ku gyara, kuma ba Thaddeus gyaran ba zai yiwu ba.

Kafin nan ki same shi ke kaɗai. Ban tsammanin zai buɗe sabar don kin yi masa bayani mai daɗi. Ki ba shi lambar da za a kira in abu ya lalace ranar Lahadi, ta zama taki.

Allah Ya daidaita tsakaninku, Ya sa ku koma cin abinci tare.

Anti Rakiya