Mudun Marayu

Zaitawa, Kano

Muttaka ɗana,

Assalamu alaikum. Allah ya sa takardar nan ta same ka da rai. Ni ƙalau nake, sai ciwon ido. Matarka Bahijja tana nan, ta rame. 'Yarka Khadijat zazzaɓi ya sake ta, amma ba ta fita wasa. Kawunka Ɗalha ya rasu da azumi. Akuyarmu mun yanka ta.

Tun da wuta da waya da mai suka ɗauke gaba ɗaya ban ga yunwa irin ta bana ba. A kasuwar Kurmi fatar dukawa ake dafawa.

Hatsin unguwa da ke soron masallaci, Liman ya ce yanzu marayu da matan mamata kaɗai za a auna wa, mudu ɗaya duk Juma'a. Mai miji, mijinta ya ci da ita. Ya kuma ce wanda ya shekara babu labari za a yi masa salla, a sa shi cikin mamata. Kai watanka goma sha ɗaya da tafiya Wudil neman dawa. Gambo mai jakai ya ce ya ga mai kama da kai a bakin kogi, shi na ba takardar.

Ka yi haƙuri da rubutun, da tsufana ka koya mini. Ka aiko ko layi ɗaya in kai wa Liman.

Mahaifiyarka, Mero

Wudil

Inna,

Wa'alaikumus salam. Ni ne Gambo ya gani, amma bai shaida ni ba, kuma ban gaya masa ba. Wurin masunta ya bar takardarki, su ne kuma za su ba shi wannan. 'Yan tare hanya sun ƙwace dawar, sun sare ni a ƙafa, ta ruɓe aka yanke. Masunta ke ba ni kan kifi ina gyara musu komar kamun kifi.

Kada ki kai wa Liman komai. In na dawo ƙarin baki ne, kuma mudun ya wuce Khadijat. Ki bari a yi mini sallar. Ko Bahijja kada ta sani, ba ta iya ɓoye murna ba.

Ki yafe mini. Allah ya ƙara miki lafiya.

Muttaka

Zaitawa, Kano

Muttaka,

Ina gaishe ka da jiki. An yi maka salla ranar Juma'a, sahu biyu. Liman ya aiko a tambaye ni, na ce ban ji komai ba. Da na yi kuka, mata suka yi ta cewa, "Haƙuri, Mero, ya huta." Takardarka tana cikin haɓar zanena a lokacin.

Mudun ya fara zuwa. Khadijat ta sha kunu ta ce, "Kaka, da Baba ya mutu tun bara da ba mu yanka akuya ba." Na ɗaga hannu zan make ta, na kasa.

Bahijja ta shiga takaba. Kullum tana yi maka addu'a ina cewa amin.

Allah ya ba ka lafiya.

Mero

Zaitawa, Kano

Muttaka,

Sallama da gaisuwa. Sau uku Gambo yana dawowa hannu wofi. Ya ce masuntan sun tashi, ba a san inda suka nufa ba.

Isyaku mai haƙar rijiya ya aiko yana neman Bahijja, ita kuma ba ta ƙi ba. Yana da gero. Za ta fita takaba ran biyar ga Sha'aban, washegari a ɗaura. In na yi shiru, aure ne a kan aure, da sanina. In na yi magana, za a janye mudun, a kore mu bayan ganuwa.

In kana da rai, ka rubuto mata saki, ni zan ɓoye shi. Ka aiko kafin biyar ga wata, don Allah. In ban ji ka ba, ban san abin da zan roƙa maka ba, rai ko mutuwa.

Mahaifiyarka, Mero