Littafin Hafsa a Saman Firji

Daren Laraba, Plumstead

Yau na tsinci wani tsohon littafin Turanci a ƙasan ɗakin 'yata Hafsa. Sunan Allah na hango a shafin da ke buɗe, mu kuwa tun muna makarantar allo aka hana mu barin irin wannan a ƙasa. Ɗagawar da na yi ke nan na zauna karatu, har la'asar ta kusa kuɓuce mini.

Labarin wani zamani ne da bai zo ba. Wani ya naɗa kansa kakakin Ubangiji, duk mai tambaya sai a ɓatar da shi. Sai na ji bakina yana yi wa 'yan tawayen addu'ar nasara. Astagfirullah. To amma ai azzalumi ne, ko?

Na ce, "Hafsa, wannan ba zai taɓa miki imani ba?"

Ta yi dariya. "Umma, ke da kika kusa rabi, ya taɓa naki?"

Na yi niyyar ƙwacewa, na kasa. Ban mayar da shi ƙasa ba, ban kuma kai shi kusa da Alƙur'ani ba. Yana saman firji, da tsinke a shafin da na tsaya.