Baƙuwar da Ba Ta Sha Gahawa Ba

Sansanin 'yan gudun hijira na Baddawi, Lebanon

Jikana Nidal,

Wace baƙuwa ce ta zo har tsakar ɗakina, ba ta taka matakalarmu ba, ba ta cire takalmi ba, ta yi mini faɗa, kuma na raka ta da addu'a? Kai da ka je Jamus neman ilimi, sai ka faɗa.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Ya sanyi? Kana dai cin abinci? Hoton da ka turo duk wuya ne da kunnuwa.

Ka zauna kafin ka ci gaba. 'Yarka Yafa lafiyarta ƙalau yanzu, amma mun ga tashin hankali. Ka san amai da gudawa ya shigo arewacin nan. Wata safiya yarinyar ta fara, kafin hantsi ta yi laushi, kukan ma ba hawaye. Na ce a dakatar da nono, a ba ta shayin ganyen maramiya yadda na yi wa ubanka. Matarka Suha ta ce a'a Kaka, ta latsa wannan abin na asibiti da ke wayarta. Na ce oho, yanzu waya ce za ta yi mana magani?

Sai ga fuskar wata yarinya cikin farar riga, Dakta Rawan, wallahi ɗan kwalina ya girme ta. Ba mu faɗi komai ba ta kira sunan Yafa da nauyinta da rigakafin da aka yi mata, wai duk yana gabanta. Kunya ta kama ni, baƙuwa a ɗaki hannu rabbana! Na zuba gahawa na ajiye gaban wayar. Ta yi dariya, sannan ta ce, "Hajiya, bar kofin nan, tsunkuli fatar cikinta ki saki in gani." Na tsunkula. Fatar ta tsaya, ta ƙi komawa. Dariyar ta ɗauke. Na kawo maganar shayin da na ce a ba ta, ta ce, "Shayin nan ki shanye abinki. A ci gaba da nono, ku taho yanzu, ba anjima ba."

Mota ba ta shiga lungunmu, ka sani. Suha ta rungumi Yafa a guje, ni ina baya da gwiwoyin nan nawa. A asibiti mun tarar da layi har titi, amma an riga an san da zuwanmu, an tanadi gado da ledar ƙarin ruwa. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce da mun jira la'asar, da labari ya sha bamban.

Jiya Yafa ta cije ni a yatsa, haƙori biyu, mugunta irin ta ubanta. Ka gode wa Allah, ka kira matarka ka gode mata, ja'iri.

Kakarka mai yi maka addu'a kullum,
Ummu Khalil

Baƙuwar dai Dakta Rawan ce, a cikin wayar Suha. Gahawarta kuwa ta huce, ni na shanye.