Zane Shida a Bayan Agogon Baba

Nassarawo, Mubi.

Zuwa ga Yaya Mika'ilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali a can Fatakwal. Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau, sai idon Inna da ke ƙara ja baya.

Yaya, laifi na yi, na kuma kasa faɗa maka a waya. Agogon Baba da ka ba ni ajiya, ka san tun rasuwarsa ya tsaya. Kwanakin baya na shiga wani zaure a Intanet na masu gyaran agogo don sha'awa. Ka dai san ni da karambani. Da taimakonsu na buɗe shi, na wanke, na sa mai, sai ga shi yana tafiya. Na ɗora hotonsa aka yi ta yabo, wasu suka ce saura in goge bayansa ya yi ƙyalli. Wani dattijo daga Michika, Malam Ephraim, ya rubuta cewa kada a goge tsohon agogo sai an tambayi masu shi. Na gani na wuce, yabo ya riga ya fasa mini kai. Na goge bayan tas, har wasu ƙananan zane shida da ke jikinsa suka ɓace.

Na kai wa Inna ina ta murna. Ko karawa a kunne ba ta yi ba, juya shi ta yi tana shafa bayansa da babban yatsa. Ta daɗe, sannan ta tambaye ni ina 'ya'yanta. Ashe zanen nan shida da na ɗauka ƙarzuwa ce, Baba ne ke yin ɗaya da allura ranar sunan kowannenmu. Na biyar na Mairamu ne, wadda ta rasu a goye, ko hotonta babu. Inna ta ce ba komai, wannan kuwa ya fi zagi yi mini ciwo. Garin neman gira na rasa ido.

Sau biyu ina ɗaukar allura in sake zanawa ina ajiyewa, don hannuna ba na Baba ba ne. Agogon naka ne, kai za ka ce. Yana wurin Inna yanzu, ba ta taɓa tambayar ƙarfe nawa ba, amma kullum da safe sai ta shafa bayansa. Ka yafe mini.

Ka gaishe mini da Anti Sumayyat da su Abdulrashid.

Ƙaninka mai nadama,
Mansir.