Masu Dubiyar Baba

Nguru, Laraba

Ya Kellu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinki, yaya maigidan da mutanen Gashuwa? Kada ki yi mamakin takarda, wayata na sayar. Direban unguwarku Katuzu zai miƙa miki.

Ƙabar Baba ta girma. Likita ya ce aiki za a yi, kuma kada ya ƙara ɗaga ko bokiti. Mutumin da tun rasuwar Inna da dakon kwalayen banda yake ci da mu! Na zauna da takardar asibiti ina haɗa baƙi har na gane: ran da abin ya fito ya ƙi komawa, hanji ne zai shaƙe.

Na bi 'yan dako, na bi masallaci, mun tara kusan rabin kuɗin aikin. Sai labari ya kai ƙauye. Ya Kellu, dubiya za ta kashe mana uba. Mota guda daga Machina, wata daga Kumagannam, kowa da "sannu" da ledar lemo. Su kwana, su ci, in za su tafi Baba ya sa hannu ƙarƙashin filo ya ba su kuɗin mota, wai ba a sallamar ɗan'uwa hannu biyu. Da kuɗin aikin fa! Kawu Abbagana har ƙarin miya yake nema.

Ki yi masa magana, ke yana jin taki.

Ƙaninki,
Abatcha

Nguru, Lahadi

Ya Kellu,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Mu dai ga mu nan.

Saƙonki ya iso, amma kuɗin ba su kwana ba, buhun shinkafa suka zama. Shi ya sa da Kawu ya dawo da wasu mutane na tare su a zaure. Na ce nan ba gidan abinci ba ne, wanda ya zo da sannu kaɗai ya koma da abarsa. Na faɗi wasu abubuwan da ba zan rubuta ba. Suka kwashe takalmansu.

Baba bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya kira ƙanwarmu Sadiya, ya ba ta ragowar kuɗin ta kawo mini, wai in mayar wa masu shi, ba za a yanka shi da kuɗin da aka kori dangi a kansu ba. Na durƙusa, na kai masa liman. Ko kallona bai yi ba.

Ya koma kasuwa. Da tsohon rawani yake ɗaure mararsa. Jiya na hango shi ya sauke kwali, ya jingina da bango yana tura abin ciki da hannu, yana waige ko wani na gani. Ya daɗe yana turawa. Na juya baya don kada ya san na gani.

Ban san me zan ce ki yi ba. Ki gai da maigidan.

Naki,
Abatcha