Jitar da Lucius Ya Hana a Sassauta

Memphis, 9 ga Oktoba

Zuwa ga 'yata Verlene,

Bayan gaisuwa mai nauyi irin wadda ta dace da darajar mai aiko ta, ina roƙon Ubangiji ya sa kina lafiya a wannan Alaska taku, inda na karanta cewa rana ma kan tafi hutu. Mu nan sai godiya. Gwaggonki Ozella ta ƙara ƙiba, ta kuma ɗora laifin a kan ma'auni.

Maganar ƙanena ce, mahaifinki Lucius. Masana sun raba kiɗa gida-gida, shi kuwa bai taɓa sanin akwai katanga ba. Asabar ya kaɗa wa mashaya, Lahadi ya sa dattawan coci kuka, Litinin yana Nashville bayan mawaƙan karkara masu faffaɗar hula. Fayafayen da jitarsa ke ciki sun fi gashin kaina yawa, ko da yake a yau wannan ba babban yabo ba ne. Sunansa kuwa ba ya kan ko ɗaya.

Tun da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye likita ke ta cewa a yi haƙuri. Amma kwanakin baya Lucius ya ce in taɓa yatsunsa, wai ko mai kunnen katako irina zai gane. Kantar nan da kike kuka tana karce miki kumatu kina yarinya, ta tafi. Laushi sai ka ce na jariri. Sai ya umarce ni in sassauta tsirkiyoyin jitocinsa, yadda ake yi wa wadda za a ajiye babu ranar ɗauka. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da natsuwar mai wankan gawa. Da na kai kan 'yar ƙaramar jar jitar nan, ya daka mini tsawa, ya ce tsohon banza, in ɗauke hannuna, mai ita ba ta gama darasinta ba.

Na tuna darasin. Motar makaɗa ta yi ham a ƙofa, ya bar ki da jita a cinya, bai dawo ba sai bayan Kirsimeti. Ban zo wanke shi ba. Sai dai kowace safiya yana sa ni in daidaita wa jitar taki sauti, yana zagin kunnena, idonsa na kan ƙofa. Zumunta a ƙafa take, 'yata. Ki zo ki karɓi wannan aiki daga hannuna tun bai ce in sassauta ta ba.

Ki gai da mijinki Cornelius da 'yan biyu. Ozella na gaishe ki, da hawaye.

Baffanki,
Thaddeus Pettaway